Kundin Tubalan Manhaja: Aikin Gayya Da Ke Jiran Ɗaliban Gaya Da Ajingi

Ɗalibin da ya tashi daga Ajingi ko Gaya ya shiga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil domin koyon ilmin kwamfuta, ba zai daɗe ba zai gane cewa ba a gina manhajar waya tun daga tushe. Kamar yadda magini yake samun tubali da azara a hannun waɗansu, haka maginin manhaja yake ɗauko ƙananan sassa da aka riga aka rubuta, wannan na nuna taswira, wancan na lissafin kwanan wata. Akasarin waɗannan tubala a buɗe suke, watau kowa yana da ikon karanta su, da gyara su, da aiki da su kyauta bisa sharuɗɗan lasisinsu.

To, amma yawansu ya zama matsala. Rumbun npm kaɗai yana ɗauke da fiye da miliyan ɗaya, nagari da gurɓatacce a cuɗe. Wannan ne ya sa masu sana'ar suka shiga tsara kundin zaɓaɓɓun tubala. Mafi shahara shi ne Awesome, wanda Sindre Sorhus, mutumin Norway, ya buɗe a GitHub cikin 1914 da ɗari, watau shekarar 2014. Duk wanda ya gwada wani tubali ya ga amfaninsa yakan gabatar da sunansa, masu kula da kundin su duba, su karɓa ko su ƙi. Babu albashi, aikin gayya ne.

Zaɓen tubali ba abin wasa ba ne. A watan Maris na 2016 wani marubuci ya janye ɗan guntun aikinsa mai layi 11, mai suna left-pad, nan take ginin manhajoji masu ɗimbin yawa ya tsaya cik. A Disamba 2021 kuma aka gano ɓaraka a Log4j, abin da ya tayar da hankalin kamfanoni da ma'aikatun gwamnati a duniya. Saboda haka ya kamata ma'aikacin da aka damƙa wa bayanan jama'a ya tambayi wane ne ke kula da tubalin, da ranar da aka gyara shi na ƙarshe, ko da kuwa sunansa yana cikin kundi.

A nan gida ma an yi hoɓɓasa. Adewale Abati ya tsara kundin Made in Nigeria na ayyukan 'yan ƙasa. Ƙungiyar HausaNLP, wadda Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero yake cikin jagororinta, tana tattara kayan aikin sarrafa Hausa a kwamfuta. Duk da haka rabon Hausa bai taka kara ya karya ba, har yanzu akwai manhajojin da ke tuntuɓe da haruffa masu ƙugiya, su mai da ƙasa kasa.

Wannan giɓi ba baƙo ne zai cike shi ba. Ɗalibi yana iya gwada tubali a ƙaramar waya inda sadarwa ke da rauni, ya rubuta abin da ya gani, ko ya fassara bayaninsa. Tarihin baka ya nuna cewa maƙeran Gaya ne suka fara zama gindin Dala wajen neman tama. Bai dace jikokinsu su tsaya ga aron kayan aiki kawai ba.