Bataliya Ɗaya a Kano, Kwamandoji Uku, Ƙaddara Daban-daban

Mu a Indabo, da an ambaci kaki sai hankali ya tafi Makarantar Horar da 'Yan Sanda ta Wudil, don ita ce a kusa da mu. Amma Barikin Bukavu da muke wucewa idan mun shiga birni yana da labaran da suka isa a tsaya a saurara, musamman na mutum uku da suka riƙe Bataliya ta 5 ta sojan Nijeriya a Kano.

Na farkonsu Johnson Aguiyi-Ironsi, ɗan Umuahia. Ya shiga soja a 1942 yana kurtu, ba ko igiya ɗaya. A 1956 yana cikin hafsoshin da suka yi wa Sarauniyar Ingila rakiya da ta zo Nijeriya. A 1960 aka ba shi bataliyar Kano, ya tafi da ita Kwango aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya. A garin Bukavu sojojin Nijeriya suka kuɓutar da ma'aikatan jinya 'yan ƙasar Ostiriya da aka tsare, har ƙasarsu ta ba Ironsi lambar yabo. Sunan wancan gari ne barikin Kano ya gada. Kuma mutumin ba ya rabuwa da sandarsa mai siffar kada.

Na biyu shi ne ya fi ba ni mamaki. Chukwuemeka Odumegwu Ojukwu a Zungeru aka haife shi a 1933, yana kuma jin Hausa. Ɗan hamshaƙin attajiri ne, ya yi digiri a Oxford, amma ya bar daular gidansu ya sa kaki a 1957. Shi ne kwamanda a Kano ranar 15 ga Janairu 1966, ranar juyin mulkin da aka kashe Sardauna a Kaduna, aka sace Tafawa Ɓalewa a Legas. Manjo Nzeogwu, jagoran juyin mulkin a Kaduna, ya nemi goyon bayansa, ya ƙi. Ba a zubar da jini a Kano ba ran nan. 'Yan kwanaki kaɗan Ironsi ya zama shugaban ƙasa, ya ɗauko Ojukwu daga Kano ya naɗa shi gwamnan Jihar Gabas. Shi kuma Ojukwu bai manta da amininsa ba, ya naɗa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero uban Jami'ar Nsukka.

Ironsi bai cika wata bakwai a kan mulki ba aka kashe shi a Ibadan a juyin mulki na biyu, ranar 29 ga Yuli 1966.

A lokacin, na ukunsu, Muhammadu (Mamman) Shuwa ɗan Borno ne ke riƙe da bataliyar, abokin karatun Murtala Muhammed a Kwalejin Barewa. Mataimakinsa Manjo James Oluleye ya sa aka kulle ɗakin makamai aka ɓoye makullai, dabarar da ta tserar da rayukan sojoji 'yan ƙabilar Ibo a Kano. Abin takaici, kariyar ba ta ɗore ba. Ranar 1 ga Oktoba sojojin bataliyar suka yi bore, aka kashe bayin Allah da dama a filin jirgi da tashar jirgin ƙasa. Wannan tabo ne a tarihin Kano, ɓoye shi kuma ba zai amfani kowa ba.

To ga inda ƙaddara ta yi halinta. Ojukwu ya ayyana ɓallewar Jihar Gabas da sunan Biyafara ranar 30 ga Mayu 1967. Wa aka ba Runduna ta Ɗaya don ta yaƙe shi? Shuwa, wanda ya gaji kujerarsa a Kano. Dakarunsa suka karɓe Nsukka, suka karɓe Inugu a Oktoban shekarar, sannan a Afrilun 1969 suka shiga Umuahia, garin Ironsi, wanda a lokacin shi ne hedikwatar Biyafara.

Bayan yaƙi Ojukwu ya yi gudun hijira zuwa Kwaddibuwa, sai a 1982 Shehu Shagari ya yi masa afuwa. Ya dawo har ya tsaya takarar shugabancin ƙasar da ya so ɓallewa daga cikinta, a 2003 da 2007. Ya rasu a Landan a Nuwamban 2011, aka binne shi da faretin soja.

Shuwa kuwa ya yi kwamishinan tarayya a gwamnatin Murtala da Obasanjo, ya koma unguwar Gwange a Maiduguri ya zauna cikin talakawa. Ranar 2 ga Nuwamba 2012 'yan bindiga suka harbe shi a gidansa, yana ɗan shekara 73, ƙasa da shekara guda bayan rasuwar abokin karawarsa. Allah Ya jiƙansa. Akwai asibiti mai sunansa a Maiduguri, amma a ganina Kano ma tana da bashinsa a wuyanta. Malaman tarihi na makarantun Wudil da Indabo, ku sanar da ɗalibanku sunan Janar Mamman Shuwa.