Rama da Hukuncin Azumi ga Mai Ɗauke da Ƙwayar Cutar Ƙanjamau

Sunan da Hausawa suka laƙaba wa wannan cuta ya samo asali ne daga ƙanjamewa, wato tsotsewar jiki har ƙasusuwa su bayyana. Da wannan siffa aka san ta tun 1986, lokacin da Nijeriya ta ba da rahoton samunta a karon farko, sai sunan ya dasa wa jama'a tunanin cewa cutar da ramar abu ɗaya ne. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta masu ɗauke da ƙwayar da kimanin miliyan 1.9, kuma da yawansu ba a gane su da ido.

Ramar da likitoci ke nufi tana da haddi. A 1987 cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙayyade ta da zubewar fiye da kashi 10 cikin ɗari na nauyin jiki ba da niyya ba, tare da gudawa, ko zazzaɓi da kasala, na sama da kwana 30. Mai kilo 60 ke nan ya sauka ƙasa da 54. Sabubbanta sukan taru: farin gyambon baki da maƙogwaro yana hana haɗiya, hanji ya kasa tsotse amfanin abinci, tarin fuka kuma ya cinye tsoka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna a 2003 cewa baligin da alamun cutar suka bayyana gare shi yana buƙatar ƙarin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na kuzarin abinci. Jiki yana neman ƙari a daidai lokacin da ya kasa karɓa.

A nan mas'alar Ramadan take shigowa, domin marasa lafiya a Kawo, Unguwar Rimi da Malali ba halinsu ɗaya ba. Wanda yake karɓar magani a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko makamancinsa, nauyinsa ya tsaya, yana shan ƙwaya ɗaya a yini, yana iya neman likita ya mayar masa da lokacin sha zuwa dare, ya yi azuminsa. Wanda yake cikin zubewa kuwa yana ƙarƙashin rangwamen aya ta 184 da ta 185 na Suratul Baƙara. Malaman Malikiyya sun wuce halatta: idan majiyyaci ya ji tsoron halaka ko cutuwa mai tsanani, ajiye azumi wajibi ne a kansa, kamar yadda yake a Mukhtasar na Khalil. In ya murmure sai ya rama kwanakin. In an yanke tsammanin iyawarsa, ciyar da mudu ɗaya na Annabi (SAW) a kan kowane yini mustahabbi ne a mazhabar.

Abin da littattafan fiƙihu ba su hango ba shi ne kunya. Akwai mai ɗaukar azumi alhali ya san rangwamen, saboda shan ruwa da rana a gidan haya zai jawo tambaya, tambayar kuma za ta iya kashe aure ko sana'a. Wannan ba tsentseni ba ne, tsoron bakin mutane ne, kuma alhakinsa yana kan masu zato. Rama ba ta zama hujjar cutar, domin ciwon sukari da ciwon daji da yunwa duk suna kawo ta. Cutar ma ba ta zama hujjar alfasha, tun da ana ɗaukarta ta jini, ta haihuwa da shayarwa, da ta aure na halal. Aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana mummunan zato, dokar Nijeriya ta 2014 kuma ta haramta nuna wa masu cutar wariya.

Ya dace masu tafsiri a Masallacin Sultan Bello da sauran majalisu su ambaci hukuncin a fili tun farkon wata, ba tare da jiran wani ya aiko da takardar tambaya ba. Kwamitocin ciyarwa kuma su san cewa wannan majiyyaci da rana yake buƙatar abincinsa, kaɗan-kaɗan sau da yawa: wake, ƙwai, kunun gyaɗa, kifi, da tafasasshen ruwa.