Holland: Ya ci zaɓe, amma kujerar Firaminista ta gagare shi

A zaɓen Nuwamban 2023, jam'iyyar PVV ta Geert Wilders, mai zafin adawa da baƙi da Musulunci, ta zo ta farko a Holland da kujeru 37 cikin 150. Sai dai kafa gwamnati na buƙatar kujeru 76, don haka tilas ya nemi ƙawance.

Jam'iyyu uku, VVD da NSC da BBB, sun yarda su haɗa kai da shi, amma ba dukansu ne suka amince a ba shi shugabanci ba. Bayan sama da wata bakwai ana ja-in-ja, aka rantsar da Dick Schoof, tsohon shugaban hukumar leƙen asiri wanda ba ya cikin kowace jam'iyya, a Yulin 2024.

Tafiyar ba ta yi nisa ba. Ranar 3 ga Yunin 2025, Wilders ya janye ministocinsa bayan abokan ƙawancen sun ƙi sa hannu kan buƙatunsa, ciki har da rufe iyaka ga masu neman mafaka da dakatar da kawo iyalansu. Gwamnati ta rushe. A zaɓen Oktoban 2025, kujerun PVV suka ragu zuwa 26.

Ga ƴan ci-ranin da ke jiran takardu a Turai, sakamakon zaɓe rabin labari ne. Makomarsu ta fi rataya a kan yarjejeniyar da jam'iyyu ke ƙullawa bayan an gama ƙirga ƙuri'u.