Bishof ɗin Oran da Direbansa: Yadda Cocin Katolika Ke Tabbatar da Shahidi

A ranar 8 ga Disamba, 2018, a kan dutsen Santa Cruz da ke bisa birnin Oran na ƙasar Aljeriya, Cocin Katolika ya ayyana mutum 19 a matsayin shahidai masu albarka. Sunan da ke kan gaba shi ne Pierre Claverie, bishof ɗin birnin, wanda bam ya hallaka shekara 22 kafin wannan rana. Mai karatu zai iya tambaya, me ya jawo jinkiri haka alhali kowa ya san yadda ya mutu? Kafin a kai ga amsa sai an fara sanin mutumin.

An haifi Claverie a 1938 a unguwar Bab El Oued ta birnin Aljiyas, cikin Turawan Faransa da suka yi kaka-gida a ƙasar. Shi da bakinsa ya sha faɗin cewa ya girma a tsakiyar Larabawa amma kamar babu su, ana wa'azin ƙaunar maƙwabci a coci ba wanda ya ce masa Balaraben bakin titi shi ne maƙwabcin. Wannan abu ya tsaya masa a rai. Ya shiga ƙungiyar limaman Dominikan a Faransa, aka naɗa shi fada a 1965, ya koma Aljeriya a 1967, bayan da kusan duk Turawan suka tattara nasu ya nasu suka fice sakamakon 'yancin kan 1962. Ya zauna ya koyi Larabci har ya koyar da shi, ya nazarci Musulunci, ya shugabanci wata cibiyar nazari a Aljiyas. A 1981 ya zama bishof na Oran.

Aikin bishof a irin wannan wuri ya sha bamban da wanda aka saba gani. Mabiyansa 'yan tsiraru ne, galibi baƙi. Abin da cocin ke yi shi ne buɗe ɗakunan karatu ga ɗalibai, da kula da naƙasassu, da koya wa mata sana'a, kuma kusan duk masu amfana Musulmi ne.

Sai yaƙi ya zo. Jam'iyyar masu kishin Musulunci ta FIS ta lashe zagayen farko na zaɓe a Disamban 1991, soja suka soke zaɓen a Janairun 1992, ƙasa ta rikice. Ana ƙiyasta waɗanda suka mutu tsakanin 100,000 da 200,000, akasarinsu Musulmin Aljeriya, har da limamai da 'yan jarida da malaman makaranta. A 1993 ƙungiyar GIA mai ɗauke da makamai ta ba baƙi wa'adin barin ƙasar. Claverie ya ƙi tafiya, kuma bai yi shiru ba, ya ci gaba da sukar kisan a fili. Dalilin da ya bayar shi ne, mutum ba ya tashi daga gefen shimfiɗar abokinsa don ciwon ya yi tsanani.

Ranar 1 ga Agusta, 1996, ya dawo daga Aljiyas inda ya gana da ministan harkokin wajen Faransa, Hervé de Charette. Wani saurayi Musulmi ɗan shekara 21, Mohamed Bouchikhi, ya ɗauko shi daga filin jirgi da dare. Suna shiga ƙofar gidan bishof bam ya tashi, su biyun suka mutu nan take. Da kotu ta yanke wa mutum 7 hukuncin kisa kan wannan harin a 1998, cocin ne ya roƙi kada a zartar.

To, yaya ake tabbatar da shahada? A ƙa'ida ba a buɗe bincike sai an shekara 5 da mutuwa, don zafin rai ya lafa. Na waɗannan mutum 19 an buɗe shi a Aljiyas a 2007. Ana zaunar da shaidu su yi rantsuwa, a tattaro duk abin da mamacin ya rubuta, daga wa'azi har wasiƙu, a bi shi layi-layi. Daga nan a rufe takardun a aika Rum, inda masana tauhidi za su duba, sannan manyan limamai su jefa ƙuri'a, Fafaroma ya sa hannu a ƙarshe.

Abu uku ake nema. Na farko, kashe shi aka yi. Na biyu, ƙiyayyar addininsa ko ta abin da addinin ya sa shi yi ce ta ingiza makashin. Na uku, ya san haɗarin, ya karɓe shi ba tare da ƙullatar kowa ba. Na biyun ne mai wuya, domin a lokacin yaƙi dalilai cakuɗe suke: siyasa, ƙin Faransa, ramuwar gayya. Kisan sufaye 7 na Tibhirine, waɗanda aka sace a Maris 1996 kuma suke cikin jerin, har yau ana jayayya a kan hannun da ya aikata shi. Shi ya sa aikin ke cin shekaru. Idan an tabbatar, shahidi ba ya buƙatar mu'ujiza kafin a kira shi mai albarka, saɓanin wanda ya mutu a kan gadonsa. Sai in za a ɗaga shi zuwa waliyyi ne ake neman guda. Fafaroma Francis ya amince da shahadar mutum 19 ɗin a Janairun 2018.

Wannan tsari na ɗariƙa ne, 'ya'yanta kawai yake ƙirgawa, don haka sunan Mohamed ba ya cikin 19 ɗin. A ganina labarin bai cika ba in babu shi. Ya san ana farautar mutumin da yake tuƙawa, ya kuma bar rubutu a ɗan littafinsa yana neman gafarar waɗanda ya sani, alamar ya san abin da ka iya faruwa. Bishof-bishof na Aljeriya sun fahimci haka. Sun nace a yi bikin a cikin ƙasar, tare da tuna limamai da sauran Musulmin da yaƙin ya ci, kuma limaman Musulmi sun halarta. A hoton da aka zana domin bikin, an sa Mohamed Bouchikhi tare da su.