Makullin aksil mai aiki da iska: Binciken da ya kamata masu manyan motoci a Garki su yi kafin damina

A ranakun aiki, harabar ofisoshin Garki, daga Area 1 zuwa Area 11, ba ta rabuwa da motoci ƙirar Hilux da Land Cruiser. Da yawa daga cikinsu na ma'aikatu ne da ƙungiyoyin agaji da 'yan kwangila, kuma aikinsu na gaskiya ba a kan kwaltar birni yake ba. A ƙauyukan Kuje da Kwali da Abaji yake, inda ruwan sama, wanda kan fara a Afrilu ya kai Oktoba, ke mayar da hanya taɓo da kwazazzabai.

Wasu daga cikin motocin suna ɗauke da wata na'ura da ake ƙarawa a cikin aksil, wato makulli mai aiki da iska. Matsalarta ita ce takan lalace shiru, mota tana tafiyarta lafiya a cikin gari. Direba ba ya sanin ta mutu sai ranar da ya kafe a bakin rafi da la'asar, ya danna makunni, taya ɗaya ta ci gaba da watsa laka. A wannan zamani da ba wanda ke son dare ya riske shi a daji, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Yadda take aiki

A tsakiyar aksil akwai kan giya da makanikai ke kira difarenshal. Aikinsa shi ne barin tayar waje ta fi ta ciki gudu idan mota tana shan kwana. Amma wannan alherin yana da illa: da zarar taya ɗaya ta hau santsi ko ta daga sama, sai ita ce za ta yi ta juyawa, wadda ke kan tsandauri kuwa ta tsaya cik. Ko mota mai jan ƙafa huɗu ba ta tsira daga wannan ba.

Makullin yana haɗe tayoyin biyu su juya tare. Wanda ya fi suna shi ne Air Locker na kamfanin ARB, wanda aka kafa a Melbourne ta ƙasar Ostireliya a 1975, ya fara sayar da na'urar da wannan suna a 1987. Idan direba ya danna makunni, wani bawul mai aiki da lantarki yana sakin iska daga kwamfuresa, ta bi siririn tiyo zuwa jikin aksil, daga nan ta bi ƙaramin bututun jan ƙarfe zuwa ciki. Iskar, mai ƙarfin kimanin PSI 85 zuwa 105, tana tura wani haƙori ya sarƙe giyar. Idan aka saki iskar, sai sifirin ya mayar da haƙorin wurinsa.

Raunin tsarin yana inda iska ke ratsawa daga ɓangaren da ke tsaye zuwa wanda ke juyawa. Ƙananan zobban roba ne ke riƙe da ita a wurin. Su ne mafi araha a dukkan na'urar, su ne kuma suka fi saurin gajiya.

A fara daga waje

Bakaniken da ya ƙware ba ya fara da kwance aksil. Yakan kunna kwamfuresa ya saurara. Idan ta cika ta yi shiru, aka danna makulli, sannan ta riƙa tashi da kanta bayan 'yan daƙiƙu, to iska tana zurarewa. Daga nan sai ruwan sabulu: a shafa wa bawul da mahaɗan tiyo, duk inda kumfa ta tashi nan ne ɓarakar. Sau da yawa laifin bai wuce tiyo da ya goge a jikin ƙarfe ko ya narke kusa da salansa ba, kuma gyaransa ba ya cin rabin yini.

Idan waje lafiya, sai a duba ƙaramar kafar da aksil ke shaƙar iska. Jin huci daga can yana nufin ɓarakar tana ciki. Haka nan ganin man giya yana fesowa daga bawul alama ce ta cewa zobban sun saki, ko kuma kafar ta toshe da laka har matsin ciki yana tura mai cikin tiyo.

Gwaji na gaba shi ne a ɗaga tayoyin aksil ɗin biyu da jak, a tokare motar sosai, giya tana ciki. A juya taya ɗaya da hannu: idan makulli a buɗe yake, ɗayar za ta juya baya. Idan ya kama, tayar za ta cije. Sannan a tsiyaye man giya a duba shi. Mai da ya koma kamar madara ya sha ruwa a wajen tsallake rafi. Ɓarɓashin ƙarfe a jikin notin tsiyayewa kuwa labarin haƙori ko boris ne da ya fara ci.

Idan kwancewa ta zama dole

A nan ne ake bambance gwani da mai koyo. A yawancin motocin Toyota, kan giyar aksil na baya yana fitowa gaba ɗaya bayan an zare shaf-shaf da farfela. Kafin a taɓa komai, dole a yi wa marufin boris na hagu da na dama alama, don ba a musanya su. Dole kuma a auna 'yar tazarar da ke tsakanin babban haƙori da ƙaramin da ke juya shi, da agogon awo, domin a mayar da ita yadda take. Wanda ya yi wannan da ƙiyasin ido, bayan 'yan makonni aksil zai fara kuka, kuma asarar ta ninka kuɗin zobban sau da yawa.

Ana duba wurin da zobban ke gogawa. Idan ya yi zane, sabuwar roba ma ba za ta daɗe ba. Sababbin zobba ana shafa musu mai, a zaunar da su ba tare da sun murɗe ba. Bututun jan ƙarfe kuma a lanƙwasa shi yadda ba zai taɓa babban haƙori ba. Kafin a mayar da kan giyar cikin mota, sai a hura masa iska kimanin PSI 90 a kan tebur, a zuba wa allurar ma'auni ido. Idan ta sauka, aiki bai ƙare ba.

Kasuwar makanikai ta Apo, wadda ke maƙwabtaka da Garki, ba ta rasa masu gyaran aksil, sai dai wannan na'ura ba kowace rana take zuwa hannunsu ba. Don haka mai mota ko jami'in kula da motocin ma'aikata yana da tambayoyi biyu kafin ya miƙa makulli: shin akwai agogon awo da ma'aunin iska a garejin? Kuma zobban da za a sa na ainihin lambar na'urar ne, ko kuwa robar da ta yi kama da su aka tsinto a shago?

Hannun direba

Wani ɓangare na lalacewar daga kujerar direba yake fitowa. Danna makulli alhali taya tana tsaka da juyawa cikin laka yana karya haƙora; a ɗaga ƙafa daga totur tukuna. Barinsa a kulle a kan kwalta yana cin taya, yana wahalar da shaf, idan na gaba ne kuma sitiyari ya yi tauri. Shi ya sa aka tsara wayoyin ARB yadda na gaba ba zai kama ba sai na baya ya kama.

Barin na'urar watanni ba a taɓa ba shi ma illa ne, domin ba za a san halin da take ciki ba. Ya dace a riƙa gwada ta lokaci-lokaci a kan hanyar ƙasa, a canja man giya bayan an ratsa ruwa mai zurfi, a kuma ɗaga tiyon shaƙar iska sama yadda ruwa ba zai kai shi ba. Watan Maris, kafin ruwan farko ya sauka, shi ne lokacin wannan bincike, don Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.