Kanari: tsuntsun da ya gaji sunan karnuka

Wanda ya saba rataye kejin kanari a zaure, yana zuba masa gero da ruwa don ya sha kukansa da sassafe, zai ɗauka daga zaƙin muryarsa sunan ya fito. Ko kusa. Tushen sunan kare ne.

Mu dai aro muka yi daga bakin Turawa, muka laƙaba wa ɗan uwansa mai rawayan ciki da ake kamawa a dazukanmu. Su kuwa Turawa sunan mahaifarsa suka raɗa masa, wato tsibiran Kanari da ke Tekun Atlantika, kimanin kilomita 100 daga gaɓar Maroko, waɗanda Sifen ta gama mamayewa a 1496. Da yawa na zaton tsibiran ne suka ci sunan tsuntsu, alhali shi ne ya ci nasu.

To su tsibiran fa? Pliny, marubucin daular Rum da ya mutu a shekara ta 79 Miladiyya, ya ruwaito cewa Juba na Biyu, sarkin wata tsohuwar daula a Arewacin Afirka, ya tura mutanensa can. Suka tarar da ƙattin karnuka a tsibiri ɗaya, har suka kawo masa biyu. Kare a harshen Latin "canis" ne, sai tsibirin ya zama Canaria. Akwai masanan da ke ja, suna cewa sunan wata ƙabilar Barbar ce da ake kira Canarii, kuma hujjarsu ba ta yarwa ba ce. Sai dai mutanen tsibiran sun riga sun zaɓi labarin da ya fi musu daɗi: karnuka biyu ne ke riƙe da tambarinsu har gobe.

Daga nan tsuntsun ya shiga rabon sunan. Na daji ƙasa-ƙasa ne da sirkin tsanwa, masu kiwo a Turai ne suka fitar da mai ruwan ƙwai, amma yau Bature in ya ce kalar kanari rawaya yake nufi. Shi ya sa ake kiran 'yan ƙwallon Nantes a Faransa kanari, saboda rigunansu; na Norwich a Ingila kuwa sun samo sunan ne daga kiwon kanari da garinsu ya shahara da shi. A bakin 'yan daban Amurka kuwa, kanari shi ne wanda ya shiga hannu ya tona asirin abokansa.

Mafi nauyin ma'anar daga ramin kwal ta fito. A da masu haƙa a Birtaniya kan sauka da shi cikin keji, domin iska mai guba, wadda ba ta da wari, tana kayar da shi kafin ta taɓa mutum. Da ya yi shiru ya faɗo daga kan sandarsa, sai kowa ya nemi hanyar fita. Sai a 1986 na'urori suka karɓe shi aikin. Har yanzu Turawa na kiran duk abin da ya fara nuna alamar haɗari da sunansa.

Amma in ka je Nijar ka ji mai Faransanci ya ce a ɗebo ruwa a "canari", kada ka nemi keji. Randa yake nufi, kuma wannan kalmar daga harshen mutanen yankin Karebiyan ta zo, ba ta haɗa komai da tsuntsun ba.