Tsawon mutum: gado ne ko abinci?

A Holand, matsakaicin tsawon namiji ya kai kusan santimita 183, abin da ya sa ƴan ƙasar ke sahun gaba a duniya. Amma a tsakiyar ƙarni na 19, kakanninsu ba su wuce wajen santimita 165 ba. Jinin al'umma ba ya sakewa haka cikin shekaru 150. Abin da ya sake shi ne abinci, musamman madara, da tsabtar ruwa da kiwon lafiyar yara.

Gado yana da nasa rabo. Masana sun ƙiyasta cewa a tsakanin mutanen da ke rayuwa cikin yanayi ɗaya, kusan kashi 80 cikin 100 na bambancin tsawo daga iyaye ake samun shi. Wani bincike da aka wallafa a 2022, kan mutum fiye da miliyan 5, ya gano wurare sama da 12.000 a cikin ƙwayoyin gado da ke da hannu a tsawo. Kowane guda ɗan kaɗan yake ƙarawa ko ragewa. Gado na daga cikin dalilan da suka sa Dinka na Sudan ta Kudu ke da tsawo, Baka na dazukan Kamaru kuma gajeru.

Sai dai gado iyaka kawai yake shatawa. Kai wa ga iyakar ya danganta da yadda yaro ya tashi. Koriya ta Arewa da ta Kudu al'umma ɗaya ce da aka raba a 1945, amma yau ƴan Kudu sun fi ƴan Arewa tsawo da santimita da dama. Matan Koriya ta Kudu ma sun ƙaru da kusan santimita 20 cikin shekaru 100.

Nan ne maganar ta shafi Nijar, inda fiye da yaro 4 cikin 10 ƴan ƙasa da shekara 5 ba su kai tsawon da ya dace da shekarunsu ba, kuma jihohin Maraɗi da Damagaram na cikin waɗanda abin ya fi ƙamari. Sau da yawa iyaye kan ce yaron gajartar gidansu ya gado, alhali tamowa ce mai cin jiki sannu a hankali, wadda ke taɓa har girman ƙwaƙwalwa da ƙoƙari a lakkol.

Likitoci na jan hankali kan kwanaki 1.000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara 2. Mai ciki ta ci ta ƙoshi, jariri ya sha nonon uwa zalla har wata 6, sannan a haɗa masa kunu da wake, gujiya, zogale, ƙwai ko kifi. A kuma kare shi daga zawo da zazzaɓin cizon sauro, a riƙa kai shi awo. Tsawon da ya kuɓuce a wannan lokaci da wuya ya dawo duka.